Rotabeta Don Ƙaramar Tarakta a Legas: Tokumbon Japan, 'Yar Indiya ko 'Yar Chaina?

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci a Agege, wani dattijo da muka daɗe muna hulɗar kayan gwari da shi a Mile 12 ya riƙo hannuna ya ja ni gefe. Ya ce, "Ɗana, na sayi 'yar tarakta tokumbo mai ƙarfin doki 24, na kai ta gonar da na kama haya a bayan Ikorodu. Saura rotabeta. An nuna mini guda uku, kowane mai shago yana rantsuwa tasa ce daidai da ni. Wacce zan ɗauka?" Na ce, "Baba, kun auna bayan taraktar?" Ya ce bai auna ba. Na roƙe shi kada ya fitar da ko sisi sai mun je gonar da tef a hannu.

Abin da ya sa na dage shi ne na taɓa yin wannan sayayya da ka, kuma ta ci mini rabin damina. Rotabeta ba kamar garma ko haro ba ce da tarakta ke ja kawai. Ita daga injin taraktar take shan ƙarfi kai tsaye, ta bakin juyin nan na baya da kanikawa ke kira PTO, farfela, wato sandar ƙarfen da ke haɗa su, ta ɗauki juyin ta kai wa akwatin giya, giya ta juya gangar wuƙaƙe, wuƙaƙen su sassare ƙasa su barje ta. Saboda haka duk kuskuren da aka yi wajen zaɓenta, cikin taraktar yake komawa. Ga mai lambu a Legas kuwa, wanda ke cire alayyafo ko lalo yau ya so zuba wani iri cikin mako, kuma ya san abin da leburori ke karɓa a garin nan, babu kayan aikin da ya kai ta amfani idan an dace.

Da muka je gonar abu uku muka duba. Na farko faɗin tayoyin baya, daga gefen waje zuwa gefen waje. Na Baba sun ba mu wajen santimita 120, wato ƙafa 4. Ana son rotabeta ta rufe sawun taya, in ba haka ba kana barje ƙasa kana barin layi biyu da taya ta danne. Amma faɗin yana da iyaka, kuma ƙarfin taraktar ne ke yanke ta. Abin da aka saba bi shi ne ƙafa 4 ga tarakta mai doki 18 zuwa 25, ƙafa 5 ga mai 25 zuwa 35, ƙafa 6 sai an haura haka. A tuna kuma lambar da aka rubuta a jikin tarakta sau da yawa ƙarfin inji ne, abin da ke isa PTO bai kai haka ba, balle injin da ya shekara talatin yana aiki a wata ƙasa kafin ya sauka a tashar jirgin ruwa ta Apapa.

Masu shago sun san zuciyar manomi tana son babba, shi ya sa suke tura mutum ga mai faɗi. To a yi lissafi. Rotabeta mai faɗin mita 1.2 tana tafiyar kilomita 2.5 a awa, idan an haɗa da lokacin juyawa a bakin gona, za ta gama hekta ɗaya cikin awa biyar ko kusa da haka. Mai mita 1.5 za ta gama cikin wajen awa huɗu. Awa ɗaya ce tsakaninsu. Saboda awa ɗaya ba zan sa ƙaramin inji ya wuni yana fitar da baƙin hayaƙi yana cin kulocinsa ba. Idan tayoyin sun fi ƙarfin injin faɗi, akwai rotabetar da ake gusarwa gefe ɗaya, ta rufe sawun tayar dama, a zagaye na gaba ta share na hagu.

Na biyu shi ne PTO ɗin kansa. Wanda duniya ta fi sabawa da shi yana da haƙora 6, kaurinsa milimita 35, yana juyi 540 a minti. Tsofaffin taraktocin Japan irin su Kubota, Yanmar da Iseki da aka ƙera don gonakin ƙasarsu sukan zo da giyar PTO uku ko huɗu, ta farkon ce ke kusa da 540, sauran sun fi sauri. Wasu taraktocin Chaina kuma suna da haƙora 8, wasu suna juyi 720. A ƙirga haƙoran da yatsa, a kunna a ga inda yake juyawa. Na uku hannuwan ɗaukar kaya: biyu a ƙasa, ɗaya a sama. Ƙananan taraktoci rukuni na 1 suke, fin ɗin hannun ƙasa milimita 22, na sama 19. Rukuni na 2 na manya ne irin Massey Ferguson 375 da muka sani a Arewa, fin ɗinsu 28 da 25. Fin ɗin rukuni na 2 ba zai shiga ramin hannun ƙaramar tarakta ba, sai an canja shi.

Sai da muka rubuta waɗannan a takarda sannan muka koma kan ukun da aka nuna masa.

Tokumbon Japan ita ce ta fara shiga ransa, kuma na gane dalili. Ba ta da nauyi, ƙarfenta mai kyau ne, ƙaramar tarakta tana ɗaga ta ba tare da gaba ya tashi ba, kuɗinta kuma bai kai na sabuwa ba. A ƙasa mai yashi irin ta wajen Ojo, Iyana-Iba da hanyar Badagry, inda 'yan'uwanmu suka shekara da shekaru suna lambun latas da albasa mai lawashi, tana yin aiki mai kyau ƙwarai, ta bar ƙasa lukui kamar an tankaɗe. Amma don fadamar shinkafa aka yi ta, ƙasar da ake nomawa kowace shekara, ba saiwa ba dutse. Wuƙaƙenta sirara ne masu lanƙwasa, kowace noti ɗaya ke riƙe da ita. A jar ƙasar tudun Ikorodu da ta sha ranar Janairu, ko sabon fili a Epe mai saiwoyi a ɓoye, sai ka ji suna karyewa ɗaya bayan ɗaya. Kuma a nan matsalar take: nemo irinsu. Na taɓa yin kwana biyu tsakanin kasuwannin kayan gyara na Ladipo da Owode Onirin da karyayyiyar wuƙa a leda, ina gwadawa a shago-shago, wadda ramin notinta ya yi daidai lanƙwasarta ba ta yi ba. Maƙeri zai iya buga maka wata daga sifirin ɗin mota, ta yi maka kwanaki, sai dai nauyinsu ba ya zuwa ɗaya, gangar ta riƙa girgiza tana kashe boris.

Akwai wani abin kuma da ba a faɗa wa mai saye. Da yawa daga cikinsu an yi su ne don wata tarakta takamaimai, da maƙalarsu ta musamman, wasu ma hannu biyu kawai gare su. Idan ta zo tare da taraktarta a kwantena ɗaya, alhamdu lillahi, riƙe abarka. Idan daban aka kawo ta, to sai mai walda ya ƙera mata sabon wurin ratayawa, kuma idan bai daidaita tsakiyarta da bakin PTO ba, farfela za ta yi ta aiki a karkace har kuros, wato gaɓar da take lanƙwasawa, ya watse. Ta Baba daban aka kawo ta. Na ce ya bar ta.

'Yar Chaina ita ce mai sauƙin kuɗi a cikin sababbi. Za ka ga an rubuta 1GQN-125 ko 1GQN-150 a jikinta, lambar ƙarshen faɗinta ne a santimita. Akwatin giyarta a tsakiya yake, yana juya ganga biyu hagu da dama, don haka babu kaya a gefe da zai riƙa dukan kunya ko kututture. Illar hakan ita ce tana barin siririn layi a tsakiya, ƙarƙashin akwatin, shi ya sa ake ɗaura mata ɗan ƙaramin hanci kamar na garma ya tsaga wurin. Wuƙaƙenta ba su da tsada kuma masana'antu da yawa suna yin iri ɗaya. Abin da ba ya zuwa ɗaya shi ne ingancin ƙarfe. Biyu za su tsaya a jere da fenti iri ɗaya, ɗaya ta yi shekaru, ɗaya haƙoran giyarta su zube a damina ta biyu. Wanda zai saye ta ya ɗaga marfin akwatin ya leƙa, ya juya ta da hannu ya ji ko akwai wasa, ya duba kaurin ƙarfen firam da kyawun walda. Ya tambaya kuma ko don juyi 540 aka yi ta ko 720, don idan ta 720 ce ka ba ta 540, gangar za ta yi nawa, ƙasa ta fito da manyan hoge. Sau da yawa farfelar da ake bayarwa tare da ita ba ta da wani abin kariya ko kaɗan, zan dawo kan wannan.

'Yar Indiya, irin su Shaktiman, Fieldking, Mahindra da Sonalika, ita na fi natsuwa da ita a gonakin da ke kewaye da Legas, amma da sharaɗi. An gina su don ƙasa mai tauri da aikin haya, wuƙa shida a kowane faifai na jikin ganga, kowace da noti biyu. Mai ƙafa 5 takan zo da wuƙa 36, mai ƙafa 6 da 42. Sharaɗin shi ne nauyi. Wadda aka fi kawowa ta manyan taraktoci ce, mai ƙafa 5 tana iya kai kilo 400. Ka rataya wannan a bayan tarakta mai doki 24, ko dai haidirolik ya kasa ɗagawa, ko ya ɗaga tayoyin gaba su bar ƙasa, sitiyari ya zama ba shi da amfani. A bakin kwalbati ko gangaren rafi wannan kisa ne. Kamfanonin suna yin ƙananan samfuri musamman don ƙananan taraktoci, su za a nema, ko da sai an jira an kawo. Ta Italiya irin Maschio ta fi duka kyawun ƙira, amma kuɗinta da na kayan gyaranta sun fi ƙarfin mai hekta biyu ko uku, ban tsaya a kanta da Baba ba.

Za a tambaye ka, sarƙa ko giya? Ana nufin abin da ke sauko da juyi ta gefe zuwa ganga. Sarƙa ta fi sauƙin nauyi da kuɗi, idan ta tsinke ana iya haɗa ta a gona, amma tana saki, tana son a riƙa ɗaure ta. Giya ta fi nauyi, ta fi daɗewa, ba ruwanka da ita in dai akwai mai a ciki, ranar da ta fashe kuwa gyaran babba ne. Mai aikin gonarsa kaɗai da ƙaramin inji, sarƙa ta ishe shi. Mai niyyar yi wa maƙwabta aikin haya ya ɗauki giya. Wuƙa kuma, mai kusurwa kamar harafin L ta fi sare ciyawa da karan da ya rage, ta bar ƙasa a baje. Mai lanƙwasa kamar C ta fi shiga ƙasa mai nauyi da danshi, ba ta cika tara laka ba, kuma ba ta wahalar da inji kamar L. Mai fadama a wajen Itoikin ko bakin ruwan Epe ya nemi C. Mai tudu da ciyawa ya nemi L.

Yanzu ga inda nake so a saurare ni da kyau, don a nan dukiya take salwanta. Gonakin Legas cike suke da abin da ido ba ya gani: kututturen da aka sare aka bar gindinsa, saiwar kwakwar manja, guntun bulo da rodi daga ginin da aka fara aka watsar, tsohuwar taya, igiyar wuta. Ranar da wuƙa ta cafki ɗaya daga cikinsu ganga za ta tsaya cak, inji kuwa yana ci gaba da turo ƙarfi. Dole wani abu ya saki. Ana sa kariya iri biyu a jikin farfela don abin da zai saki ya zama mai araha.

Ta farko noti ne mai taushi da aka yi shi don ya karye. Ya karye, ka tsaya, ka sa wani, minti biyar ka ci gaba. Ba ya son kulawa, ba ya tsoron ruwa. Haɗarinsa ɗan Adam ne. Direba ya karya uku a wuni ɗaya, ransa ya ɓaci, sai ya nemo noti mai tauri na injin mota ko guntun rodi ya cusa. Daga ranar babu kariya, abin da zai karye na gaba giya ce. Ta biyu kuloci ne mai zamewa, fayafayai da sifirin ke matse su, idan nauyi ya yi yawa su zame, idan ya wuce su kama. A sabon fili mai saiwoyi ya fi noti nesa ba kusa ba, don ba za ka wuni kana sauka kana hawa ba. Amma iskar Legas mai laima da gishirin teku ba ta barin ƙarfe. Ka ajiye shi wata biyu, tsatsa ta manne fayafayan su zama abu guda, kana ganin kana da kariya alhali babu. Maganinsa sauƙi ne in za a yi: kafin aikin kowane zango a auna tsawon sifirin ɗin a rubuta, a sassauta notocin, a ja layi da alli a kan fayafayan, a sa PTO na ɗan daƙiƙu har layin ya rabu, sannan a mayar da su yadda suke. Wanda ya san zai yi wannan da hannunsa ya ɗauki kuloci. Wanda zai bar tarakta a hannun yara ya koma kasuwa, kuma gonarsa tsohon lambu ce mai tsabta, noti ya fi masa, ya sayi guda ashirin na asali ya zuba a akwatin taraktar don kada a sami dalilin neman rodi.

Sai yankan farfela, abin da ya ci ni. Farfela sabuwa kusan kullum takan zo da tsawo fiye da buƙata, don ba a san taraktar da za ta hau ba. Bututu biyu ne, ɗaya yana shiga cikin ɗaya, suna tsawo suna gajarta yayin da ake ɗagawa da saukewa. Wanda ya sayar mini da ta farko ya ce in ɗaura kawai. Muka ɗaura tana ƙasa, ta shiga lafiya. Da direba ya ja haidirolik, ta iso daidai inda bakin PTO da bakin akwatin giya suke kallon juna, wurin da tazarar ta fi gajarta, bututun suka ƙure, babu inda ƙarfin zai je sai cikin taraktar. Ƙara ɗaya muka ji. Boris ɗin PTO da murfinsa suka tafi, mai ya tsiyaye. Makonni muna neman kaya, ruwan Yuni ya sauka ƙasa ta jiƙe sharkaf, sai a ɗan tsagaitawar Agusta na samu na shiga gonar.

Yadda ake yi shi ne a rataya rotabetar ba farfela, a ɗaga a sauke a nemo wurin da tazarar ta fi gajarta, a kashe inji a tokare ta. A raba farfelar biyu, a sa rabi a tarakta rabi a rotabeta, a jera su gefe da gefe, a yi alama yadda za a bar sarari kamar santimita 3 zuwa 5 kafin su ƙure. Abin da za a rage a yanke shi daidai wa daida daga bututun biyu da rigunansu na roba, a goge bakin da magagari, a share garin ƙarfe, a shafa giris. Sannan a duba ɗaya gefen: a inda tazarar ta fi tsawo, kada shigar bututun cikin juna ta gaza kashi ɗaya cikin uku. Zarto da haƙurin awa ɗaya ne. Rigar robar nan kuma don Allah a bar ta a jikinta, a ɗaure 'yar sarƙarta. Farfela tana juyi tara a daƙiƙa ɗaya, mu kuma mutane ne masu son riga mai yalwa da rawani. Kada kowa ya matso tana juyawa, kada a cire ciyawar da ta naɗe ganga sai an kashe inji an zare makulli.

Wasu tsofaffin taraktocin PTO ɗinsu a haɗe yake da giyar tafiya. Ka taka kuloci, nauyin gangar da ke juyawa ya ci gaba da tura taraktar gaba. Akwai ɗan kai da ake sakawa a bakin PTO mai barin juyi ya wuce ta gefe ɗaya kawai. Idan za a sa shi, a sa kafin a auna farfela, don yana ƙara tsawo.

Kafin a fara aiki a buɗe akwatin giya da na gefe a duba mai, da yawa a bushe ake kawo su. Man giya mai lamba 90 ko 140 ake zubawa, yadda takardarta ta ce, a canja na farko bayan awa 50. A daidaita hannun sama har bakin akwatin ya miƙe da ƙasa, a ɗaure sarƙoƙin gefe kada ta riƙa lilo tana taɓa taya. Takalman gefe su ke yanke zurfi, santimita 10 zuwa 15 ya ishi ganye. Marfin baya idan an sauke shi ƙasa tana yin laushi, idan an ɗaga tana fita da tsakuwa-tsakuwa. A kakkafa notocin wuƙaƙe bayan awannin farko. A bakin gona a ɗaga ta kaɗan kawai, idan za a ɗaga har sama a kashe PTO.

Ina ƙaunar wannan na'ura, amma ba zan ɓoye ɓarnarta ba. Ruwan Legas mai duka ne. Ƙasar da aka mayar gari, ruwa ɗaya zai kwashe ta ko ya daɓe samanta iri ya kasa fitowa. Idan kuma ana bi a zurfi ɗaya kowane zango, musamman da danshi, ƙarƙashin yana yin daɓe kamar na tsakar ɗaki, ruwa ya kwanta, saiwa ta kasa ratsawa. Ka dunƙula ƙasa a hannu, in ta manne ta yi ƙwallo mai sheƙi, koma gida sai gobe ko jibi. Lokaci-lokaci a kira babbar tarakta ta sa garma ta fasa ƙasan. Gonar da tofa ko aya-aya ko kiri-kiri suka kama kuwa, rotabeta yayyanka jijiyarsu take ta shuka maka su ko'ina, sai an fara maganinsu tukuna.

Baba ya ɗauki ƙaramar 'yar Indiya mai ƙafa 4, wuƙa L, da kuloci mai zamewa, saboda gonar tasa ba ta daɗe da fita daga daji ba kuma ɗansa na cikinsa ne zai riƙa tuƙi. Kafin ya biya na sa mai shagon ya fito da wuƙaƙen canji ya ɗora a tebur, muka gwada ɗaya a jikin faifan, muka sayi hagu shida dama shida. Muka rataya ƙarfe mai nauyi a gaban taraktar. Farfelar santimita 11 muka rage a kowane ɓangare, yaron yana riƙe da tef ina yanka. Da la'asar ya shiga layin farko a giya ta ɗaya, jar ƙasar tana tashi a baya tana kwanciya. A layi na huɗu muka ji kulocin ya yi ƙara ya zame, yaron ya tsaya ya kashe inji. Muka tona da fartanya, saiwa ce mai kaurin cinya. Baba ya aika a ɗauko gatari.